Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Karatu: Markus 5:25-34, Ishaya 38:1-8, 21

  Ina gaida waɗanda ke kwance a gadon asibiti, da masu jinyarsu da suka kwana a zaune. Allah ya ba da sauƙi, ya ƙarfafa ku.

Yau zan yi magana a kan abin da ba mu cika son ambatonsa a majami'a ba, wato cutar ƙanjamau, wadda 'yan'uwanmu na Nijar suka fi sani da SIDA. Ba zan tsaya a kan tambayar wa ya ɗauko ta ko a ina aka ɗauko ta ba. Tambayata ɗaya ce: yaushe mutum ya san yana da ita? Gama a wannan cuta, amsar wannan tambaya ita ce sau da yawa take raba mai rai da mamaci.

A ce mutum biyu sun kamu a shekara guda. Na farko ya sani bayan shekara biyu, domin matarsa ta je awon ciki, aka gwada ta, aka ce ta zo da maigida, shi kuwa ya yarda ya je. Na biyu bai sani ba sai bayan shekara tara, ranar da 'yan'uwa suka ɗauko shi ranga-ranga, ya rame, yana tari, zawo ya ƙi tsayawa. Ƙwayar cutar ɗaya ce, maganin ɗaya ne, likitan ma wataƙila ɗaya ne. Amma na farko zai ci gaba da nomansa, ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki in Ubangiji ya yarda. Na biyu kuwa, likitoci za su yi ta fama domin su ƙwato shi, wani lokaci su ci nasara, wani lokaci aikin gama ya riga ya gama. Abin da ya bambanta su shi ne lokaci.

Bari in bayyana yadda abin yake, gama rashin sani ya fi dare duhu. A cikin jinin kowannenmu Allah ya sa waɗansu ƙwayoyi masu tsaron jiki, kamar sojoji a bakin ganuwa. Likitoci suna kiransu CD4. A ma'aunin asibiti, lafiyayyen mutum yakan kasance da 500 zuwa 1,500. Ƙwayar HIV waɗannan sojoji take kashewa. Mako biyu zuwa huɗu bayan ta shiga, mutum yana iya jin zazzaɓi da ciwon maƙogwaro da kasala, ya ɗauka maleriya ce, ya sha magani a kemis, abin ya wuce. Daga nan sai shiru. Shekara takwas, shekara goma, mutum yana cin tuwonsa, yana aikinsa, yana raira waƙa a ƙungiyar mawaƙa, ba wanda zai dube shi ya ce yana da wani ciwo. Kamar gara ce a cikin ƙyauren ƙofa: daga waje fenti yana nan, daga ciki an cinye. Sa'ad da sojojin nan suka sauko ƙasa da 200, ganuwa ta faɗi ke nan, kowace cuta sai ta shigo, musamman tarin fuka, wanda ya fi kowace cuta kashe masu ɗauke da HIV. Wannan matsayi shi ne ƙanjamau sosai.

Saboda haka, wanda ya ce sai ya ji ciwo zai je gwaji, ya zama kamar mai cewa sai ranar tafiya zai fafe gora. Ido ba ya ganin wannan cuta. Fasto ba ya ganinta, boka ba ya ganinta, likita kansa ba ya ganinta sai ya gwada jini.

To, me ya sa mutanenmu suke makara? Akwai talauci, akwai nisan asibiti, akwai tsoro da kunya. Amma a ƙarƙashin waɗannan duka akwai wani abu da nake so mu dube shi sosai yau, shi ne rashin amincewa. Mutum ba ya miƙa hannunsa a ɗebi jininsa sai ya amince da wanda zai ɗiba. Ba ya faɗin asirin ɗakinsa sai ya amince da mai ji. In amincewa ta ɓace, sai ya yi ta kewaye: yau kemis, gobe mai sassaƙe, jibi gidan addu'a, gata a ce sammu ne ko maita, a fara zargin kishiya ko wata tsohuwa a unguwa. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, bayan kuɗi sun ƙare, jiki ma ya ƙare.

Ba zan ce muku wannan rashin amincewa ba shi da dalili ba. Littafi Mai Tsarki ma bai ɓoye cewa likitoci sukan kasa ba. Matar da muka karanta labarinta a Markus sura 5 ta yi shekara 12 tana zubar da jini. Ta sha wuya a hannun masu magani da yawa, ta kashe duk abin da ta mallaka, ciwo kuwa sai gaba yake yi. Akwai irinta a cikinmu. Akwai wanda ya yini a layi da kati a hannu, aka daka masa tsawa kamar yaro. Akwai wadda ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti asirinta da safe, kafin yamma ta ji shi a bakin rijiya.

Akwai kuma abin da ƙasarmu ta gani. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta kashe dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano. Yara 200 aka sa cikin gwajin, 11 suka mutu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani yadda ya kamata ba, kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa a 2003 waɗansu jihohin Arewa suka dakatar da allurar shan inna, cutar kuwa ta sake bazuwa, ta gurgunta yaran da ba su san hawa ba balle sauka, har ta tsallaka zuwa waɗansu ƙasashe. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku lura da wanda ya biya bashin gudun: yaran nan ne. Haka yake da ƙanjamau. In ka ƙi asibiti saboda laifin da wani ma'aikaci ya yi maka, ba shi ka hukunta ba. Kanka ka hukunta, da matarka, da ɗan da ke cikinta.

Wani dalilin kuma tsohon tsoro ne da ya rage a zukatanmu. An fara ba da labarin wannan cuta a Amurka a 1981. A 1983 masana a birnin Faris na Faransa suka gano ƙwayar da ke kawo ta, a 1985 aka sami gwajin jini, a 1986 kuma Nijeriya ta ba da rahoton masu ita na farko. A waɗancan shekaru likita yana iya gaya maka kana da ita, amma ba shi da abin da zai ba ka ya tsayar da ita. Shi ya sa mutane suka laƙaba mata suna kabari kusa, suka ce mene ne amfanin sanin abin da ba shi da magani? Waɗanda suka binne 'yan'uwansu a lokacin ba su manta ba.

Amma 'yan'uwana, wannan zamani ya wuce. A 1996 aka fara haɗa magunguna uku da ke danne ƙwayar cutar. A 2002 gwamnatin Nijeriya ta fara shirinta na ba da su, daga 2006 kuma ta ba da umurni a riƙa ba da su kyauta a cibiyoyinta. Abin da a dā yake tulin ƙwayoyi safe da yamma, ga yawancin mutane ya koma ƙwaya ɗaya a rana. A 2015 wani babban bincike da aka yi a ƙasashe da yawa ya nuna cewa waɗanda suka fara magani nan da nan, tun jikinsu yana da ƙarfi, haɗarin ciwo mai tsanani ko mutuwa ya ragu musu da fiye da rabi in aka gwada su da waɗanda aka jinkirta. A shekarar nan ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk wanda aka samu da ƙwayar a fara masa magani, kada a jira ya raunana. Wanda yake shan maganinsa kullum ba fashi, cikin kamar wata shida ƙwayar takan ragu a jininsa har gwaji ya kasa ganinta, muddin kuwa tana nan a danne haka, ba zai sa wa abokin aurensa ta wurin kwanciya ba. Mace mai ciki da ba ta shan magani, cikin jarirai 100 na irinta, 15 zuwa 45 za su kamu. In tana sha, adadin yakan sauko ƙasa da 5. Maganin ba ya fitar da ƙwayar daga jiki ɗungum, sha ne na muddin rai, kamar na hawan jini. Amma yana ba mutum tsawon kwana da ƙarfin aiki.

Binciken da gwamnati ta yi a dukan ƙasa a 2018 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 1.9 ne ke ɗauke da ƙwayar a Nijeriya a lokacin. Waɗannan ba baƙi ba ne. Waɗansunsu suna zaune tare da mu a benci ɗaya ran Lahadi, waɗansu sun sani, waɗansu ba su sani ba tukuna.

Yanzu ga tambayar da takan dami masu bi: in na dogara ga likita, ban rage dogarata ga Allah ba? Waɗansu sukan kawo labarin sarki Asa a 2 Tarihi sura 16, wanda ya yi ciwon ƙafa, ya nemi masu magani, bai nemi Ubangiji ba. Amma ku karanta surar daga farko. Asa ya riga ya juya wa Allah baya. Ya kwashi azurfa da zinariya na Haikali ya sayi taimakon wani sarki, da annabi ya tsauta masa kuma sai ya jefa shi kurkuku. Laifin Asa taurin zuciya ne, ciwon ƙafa ya zo ya tarar da shi a haka.

Ku dubi sarki Hezekiya kuma. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya ya sa aka kawo curin ɓaure aka ɗora a kan marurun. Allahn da ya amsa addu'a, shi ne ya halicci ɓauren. Hezekiya bai ce tun da Allah ya yi magana a kawar da magani ba. Luka, wanda ya rubuta mana Bishara ta uku da Ayyukan Manzanni, likita ne, Bulus kuwa ya ambace shi da sana'arsa cikin ƙauna a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa. Da Shaiɗan ya kai Ubangijinmu kan tsororuwar Haikali ya ce ya diro domin mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya nuna mana cewa wannan gwada Allah ne. Mutumin da aka ba shi magani ya ajiye, ya ce zai ga ko Allah zai tare shi, a kan tsororuwar nan yake tsaye.

Mu da muke Kirista a wannan ƙasa, ai bishara da magani tare suka zo mana. Dokta Walter Miller, wanda ya yi aiki a Zariya, ya kuma sha aikin juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa da aka buga a 1932, likita ne. Asibitin Wusasa sunan Luka aka sa masa. Daga Wusasa ne Dokta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa. An kafa asibitin Vom a 1922, na Galmi a Nijar a 1950. Iyayenmu da suka ba da gaskiya ba su ga saɓani tsakanin durƙusawa da shan magani ba. Daga ina muka koyo wannan sabuwar koyarwa?

Ina da magana da ku ma'aikatan lafiya da ke saurarona, likitoci, da nas-nas, da ungozomomi, da masu gwajin jini, da masu ba da kati, har da masu shara a ɗakin marasa lafiya. Amincewa ba a umurtarta, samunta ake yi. Kowane mutum da ya zauna a gabanku ya kawo muku amana biyu, jikinsa da asirinsa. Sakamakon gwajin mutum ba naku ba ne da za ku kai wa mijinku ko abokiyarku, ko da da sunan neman addu'a. Dokar ƙasa ta 2014 da ta hana nuna bambanci ga masu ɗauke da HIV ta haramta tona wannan asiri ba da yardar mai shi ba, amma tun kafin doka, Allah yana ganin abin da aka faɗa a ɓoye. Ku sani fa, asiri ɗaya da ya fita daga ɗakin gwaji yana iya hana mutum hamsin na garin zuwa gwaji. Murmushi ɗaya da bayani cikin haƙuri kuma yana iya kawo gida guda. Ku dubi yadda Yesu ya yi da matar nan. Ta zo a ɓoye tana rawar jiki, shari'a ta ce ita marar tsarki ce. Ta faɗa masa dukan gaskiya, shi kuwa bai kunyata ta ba, ya kira ta 'yarsa.

Ina da magana da mu kuma, fastoci, da dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa. Sau da yawa ba likita mutum yake tsoro ba, mu yake tsoro. Yana tsoron a hana shi cin jibi, a ja jiki daga gare shi a benci, a mai da shi misali a wa'azi. Almajirai sun ga mutumin da aka haifa makaho, a Yahaya sura 9, suka fara binciken zunubin wane ne. Yesu ya kawar da wannan bincike, ya buɗe idon mutumin. A cikin masu ɗauke da wannan ƙwaya akwai matar da ba ta taɓa sanin wani namiji ba sai mijinta, akwai yaron da aka haife shi da ita, akwai wanda ya samu ta wurin ƙarin jini ko allura ko askar da ba a tsabtace ba. Wanda kuwa ya samu ta hanyar zunubi, ai domin masu zunubi Almasihu ya mutu, ni da ku muna ciki. Ba a ɗaukar ta ta wurin gaisawa, ko cin abinci a kwano ɗaya, ko ƙoƙon jibi, ko cizon sauro.

A ƙasar Uganda, a 1992, wani firist na ikkilisiyar Angilikan mai suna Gideon Byamugisha ya fito fili ya ce yana ɗauke da HIV, shi ne shugaban addini na farko a Afirka da ya yi haka. Ikkilisiyarsa ba ta kore shi ba. Ya sami magani, ya ci gaba da hidima shekaru da yawa, mutane masu yawa kuma suka sami ƙarfin halin zuwa gwaji saboda shi. Inda ikkilisiya take neman ango da amarya su yi gwaji kafin ɗaurin aure, abu ne mai kyau, amma sakamakon nasu ne su biyu da mai ba su shawara, kada ya zama labarin kwamiti. Duk mai wa'azin da ya ce wa wani ya zubar da maganinsa domin an yi masa addu'a ya warke, zai ba da lissafin wannan rai a gaban Allah. Ko kutaren nan goma, Yesu ya aike su wurin firistoci a duba su. Aikin Allah ba ya tsoron gwaji.

To, me za mu yi? Na fari, kowane baligi ya je a gwada shi tun yana jin ƙarfinsa. Ɗigon jini ne daga yatsa, cikin kamar minti 20 ka ji sakamako. In an ga alama, za a sake tabbatarwa da wani gwaji kafin a yanke magana. In kana jin nauyin asibitin garinku domin an san ka, tafi na wani gari. Na biyu, in gwaji ya nuna babu, amma ka san ka shiga haɗari kwanan nan, ka koma bayan wata uku, gama gwajin yakan ɗauki makonni kafin ya iya gano sabon kamu. A Littafin Firistoci sura 13 ma, in firist bai tabbata ba, yakan sa a jira kwana bakwai a sake dubawa. Na uku, wadda aka yi wa fyaɗe, ko wanda allurar marar lafiya ta soke shi, a hanzarta kai shi asibiti kafin awa 72 su cika. Akwai maganin kwana 28 da ke iya hana ƙwayar kama jiki. Na huɗu, kowace mai ciki ta je awo, a gwada ta. Na biyar, mai tarin da ya wuce mako biyu, ko rama ba dalili, ko zazzaɓi mai yawan dawowa, ya bar zagayen kemis ya nemi gwaji.

Ku maza, da ku nake musamman. Mata sukan sami gwaji a wurin awo, mu kuwa mukan zauna a gida mu ce sakamakon matarmu ya ishe mu. Bai isa ba, gama miji da mata suna iya bambanta. Shi ya sa maza suka fi zuwa a makare. Shugaban gida shi ke shiga gaba. Kama hannun matarka ku je tare. In ka shiga wurin likita, faɗa masa gaskiya duka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yi masa tambaya, kana da iko ka san sunan maganinka da dalilinsa. In wani ma'aikaci ya wulakanta ka, kai ƙara wurin na gaba da shi ko ka sauya wuri, amma kada ka sauya niyya.

Kai kuma da aka riga aka gaya maka kana da ita, kana saurarona a ɗaki kai kaɗai, ba wanda ka faɗa wa, ka ji wannan: Allah bai yashe ka ba. Kwanakinka suna hannunsa kamar na kowa. Sha maganinka, ka nemi mutum ɗaya amintacce da zai ɗauki nauyin nan tare da kai, ka zo sujada, wurinka yana nan.

Bari mu yi addu'a.

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai warkarwa, kai ne kuma ka ba 'yan adam hikimar magani. Muna roƙonka domin masu jin tsoro, ka ba su ƙarfin hali su je tun da sauran lokaci. Muna roƙonka domin likitoci da dukan ma'aikatan lafiya, ka ba su hannu mai taushi da baki mai riƙe amana. Ka gafarta wa ikkilisiyarka inda ta zama wurin tsoro ga marasa lafiya, ka mai da ita mafaka. Ka ta'azantar da gwauraye da marayun da wannan cuta ta bari, ka tsare jariran da ke ciki. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

Sai mako mai zuwa in Ubangiji ya kai mu. Alherin Allah ya kasance tare da ku duka.